Daga Adar zuwa Masar: ƙafafun da sunka riga mu kan hanyar neman ilimi



Ƴan uwa matasa, maza da mata, kwamitin tsara wanga littafi ya nemi in rubuta wani abu kan tarihi. Na duba na ga abin da ya fi yawa a bakinku in an tashi taro, shi ne zancen fita waje: wane ya samu burs ɗin Aljeriya, wance tana jiran amsa daga Turkiya, wani ya tura dosiye zuwa Madina, wani kuma jami'arsa za ta aika shi wata ƙasa ya yi zango guda na musanyar ɗalibai ya komo. Kuma yadda kuke zancen, sai ka ce ku ne kunka fara. To, ba ku ne farko ba. Mutanen ƙasar ga sun daɗe suna ɗaure kaya saboda karatu, kuma yawancin abin da ke jiranku can, ya taɓa samun waɗansu.

Mu fara da hanyar kanta. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ci Adar da yaƙi, zuriyarsa kuma ta riƙe sarauta har ta zauna Illela. Ba yaƙin ne ya dame mu a nan ba. Abin lura shi ne Adar ta ƙara ɗaure da Agadas, ita ko Agadas ƙofa ce. Daga can ayari kan bi ta Gat, ya shiga Fezzan, ya ratsa Aujila da Siwa, ya sauka Alƙahira, sannan mahajjaci ya nufi Makka. Tafiya ce ta watanni a bayan raƙumi, da salka da guzurin gero da dabino. Wanda ke da niyyar karatu ba ya gaggawar komowa. Yakan tsaya Masar ya zauna gaban malamai, wani shekara, wani fiye.

Tun kafin Agabba ma hanyar na da masu bi. Al-Aƙib al-Anusammani, mutumin wani gari ne kusa da Tagidda, arewa da mu, ya yi karatu wurin al-Magili, ya kuma kai Alƙahira ya ɗauki ilimi wurin Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505. Shi Suyuɗi ɗin da kuke jin sunansa cikin tafsirin Jalalaini duk watan azumi, har wasiƙa ya rubuto wa sarakunan ƙasashen nan, cikinsu da na Agadas da na Katsina. In munka ƙara ja baya, mutanen Kanem sun ba da dukiya an gina musu makaranta a Masar tun ƙarni na 13, ana ce mata makarantar Ibn Rashiƙ, don ɗalibansu da mahajjatansu su samu masauki. Daga baya a cikin Azhar anka ware wa baƙi sassa, kowane ana ce masa riwaƙ: na mutanen Magrib daban, na Barno daban. A nan ɗalibi ke kwana, a nan ake ba shi rabonsa na gurasa daga dukiyar waƙafi. Burs ɗin wancan zamani ke nan, gurasa da wurin shimfiɗa tabarma.

Amma wanda nake so ku riƙe sunansa da kyau shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, don namu ne, mutumin Adar. Ya yi hajji sau biyu. A Alƙahira, cikin shekarun 1780, ya zauna da Murtada az-Zabidi, mai ƙamusun Tajul Arus kuma mai sharhin Ihya'u na Gazali, wanda a lokacin ɗalibai ke zuwa ƙofarsa daga gabas da yamma. Zabidi ya ba shi ijaza. Ijaza kuwa ita ce diplom ɗin da, sai dai ta bambanta da tamu ta yau da abu guda: ba sunan makaranta take ɗauke da shi ba, sunayen mutane ne. Wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga mai littafin. In ka yi ƙarya cikinta, akwai wanda zai gane.

Cikin masu karatu wurin Malam Jibrilu akwai wani saurayi da anka haifa a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi, cikin jaharmu ta Tawa ta yau. Usmanu ɗan Fodiyo ke nan. Ya lazimci malamin, ya bi shi har Agadas, da niyyar su wuce hajji tare. A Agadas malam ya ce masa ya koma gida, don mahaifinsa bai ba shi izinin wagga doguwar tafiya ba. Ya komo. Kuma Allah bai ƙaddara masa zuwa Makka ba har ya bar duniya a 1817.

Ku tsaya nan kaɗan. Wanda ya kai Masar da Makka sau biyu, da yawa cikinmu sai yau sunka ji labarinsa. Wanda anka mayar daga Agadas, ba wanda bai san shi ba. Ba ina nufin zama gida ya fi fita ba, don da Malam Jibrilu ya komo daga hajjinsa na biyu, Shehu da ƙanensa Abdullahi sun tafi wurinsa sun karɓi ijazozin da ya zo da su, Abdullahi kuma ya rubuta haka cikin littafin da ya jera malamansa, Ida'un Nusukhi. Ilimin Alƙahira ya iso gare su ta hannun mutum guda da ya tafi ya komo. Sai dai ina faɗin wannan saboda ɗan uwan da ya tura dosiye sau uku ba a ɗauke shi ba, yana ganin kamar duniya ta ƙare. Ina kuma faɗi saboda mai shirin tafiya a ɓoye, ba da sanin tsohuwarsa ba.

Akwai wani abu na biyu cikin labarin, wanda ya fi shafarmu. Malam Jibrilu yana da tsanani a wata mas'ala: yana ganin masu aikata waɗansu manyan zunubai da miyagun al'adu sun fita musulunci. Shehu bai yarda da wanga hukunci ba, ya kuma rubuta dalilansa, ya bi maganar da Ahlus Sunna ke kanta, cewa saɓo ba ya kafirta musulmi muddin bai halatta shi ba. Amma bai taɓa sauke malaminsa daga matsayinsa ba. Ya ci gaba da yabonsa, yana ba shi uzurin cewa kishin addini ne ya kai shi. Shekara ɗari biyu da wani abu ke nan, kuma har yau abin da ke raba mana masallatai bai wuce wannan ba: ɗalibi ya tafi waje, ya komo da magana mai zafi, na gida kuma su rasa yadda za su karɓi mai kyau su ajiye sauran.

A arewacin Adar da Azawak ma karatu bai tsaya gari guda ba. Malaman Buzaye, irin su Kel Aglal na wajen Abalak, makarantarsu tana tafiya ne tare da garke, littattafai cikin gafaka a bayan raƙumi. Almajiri kuma, Bahaushe ko Buzu ko Bafillace, ba ya ƙare karatu hannun mutum ɗaya. Ya sauke Alƙur'ani nan, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya can, ya ji labarin wani malam da ya ƙware a Risala ya bi shi, in ya kai ga Muhtasar ɗin Halil ko Alfiyyar Ibn Malik wataƙila sai Sakkwato ko Katsina ko Zariya. Abin da jami'o'i ke kira musanyar ɗalibai yau, ka yi zango a wani wuri a lissafa maka shi a gida, kakanninmu sun yi shi ba tare da hatimi ba.

Da Nasara sunka zo a farkon ƙarni na 20, hanyar arewa ta yi rauni, ta gabas ta ƙarfafa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'a da yawa sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. Mai niyyar hajji ko karatu sai ya gangara Kano, ya bi Maiduguri, Fort-Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, Abeshe, Alfashir, Al'ubayyid, Hartum, har bakin Bahar Maliya. Da ƙafa, da jaki, daga baya da babbar mota. Guzuri na ƙarewa a tsaya a yi ƙodago, da yawa a gonakin auduga na Jazira da anka buɗe a 1925. Wani ya yi shekara biyar kan hanya, wani goma. Wani ya yi aure can, jikokinsa ne Hausawan Sudan na yau.

A lokaci guda kuma ga wata hanya ta yamma da Faransa ta buɗe, wadda iyayenmu sunka daɗe suna gudu. Lakwal. Yaron da ya yi fice ana tura shi makarantar William Ponty a Senegal, wadda take tsibirin Gore kafin a mayar da ita Sebikotan a 1938. Bubu Hama ya bi ta Wagadugu ya kai Gore, ya komo malamin makaranta a 1929. Diori Hamani da Djibo Bakari duk can sunka yi. Yaro ɗan shekara goma sha wani abu, bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabki ba, sai ga shi gaban teku, cikin ɗiyan Dahome da Gine da Kodibuwar, ba a magana sai da Faransanci. Waɗanga su ne sunka riƙe ƙasa da anka samu mulkin kai a 1960. Daga nan ne ƙasar ta tashi da masu ilimi iri biyu da ba su cika jin maganar juna ba: mai Faransanci yana da biro da albashi, mai Larabci yana da zaure da buzu.

An so a haɗa su. A 1957 anka buɗe madarasa ta farko ta Faransanci da Larabci a Sayi. A ƙasashen Larabawa kuma ƙofofi sunka buɗe kusan lokaci guda. Masar ta Jamal Abdunnasir ta gina wa baƙin ɗaliban Azhar unguwa sukutum, Madinatul Bu'us, kuma dokar 1961 ta shigo da likitanci da injiniyanci cikin Azhar. A wannan shekara ta 1961 anka kafa Jami'ar Musulunci ta Madina. Libiya ta buɗe kwalejin Da'awa a Tarabulus cikin shekarun 1970, Sudan kuma tana da cibiyar musulunci ta Afirka a Hartum, wadda ta zama Jami'ar Afirka ta Duniya a 1992. Taron shugabannin ƙasashen musulmi na Lahor a 1974 ya yanke a kafa jami'o'i biyu a Afirka, ɗaya a Yuganda ɗaya a Nijar. Tamu ta fara aiki a Sayi a 1986, kuma tun daga nan mu ma munka zama masu karɓar baƙin ɗalibai daga maƙwabta. Tana da sashen mata a Yamai, abin da ya kamata ƙannenmu mata su sani.

Yaya zaman yake can? Ku tambayi duk wanda ya yi, abin da zai fara faɗa muku ba karatu ba ne, ciki ne. Mutumin da ya tashi da fura da rana, tuwo da dare, sai ya wayi gari gaban wake da gurasa a Alƙahira, gobe ma haka, jibi ma haka. Shi ya sa jakar ɗalibin Tawa ba ta rasa kilishi da cuku da yaji da garin kuka da busasshiyar kuɓewa, ko da za a rage tufafi. Ranar da anka tuƙa tuwo a ɗakin wani, duk ɗan Nijar da ke unguwar zai ji ƙamshi. A nan ne Ba'adare da Bazabarme da Babarbare ke gano ashe ƴan gida ɗaya ne. Sai sanyi: wanda ke kuka da hunturun Tawa bai ga na Aljeriya ko na Ankara ba.

Sai harshe. Ka sha Alfiyya, ka iya i'irabi, ka sauka filin jirgi ka yi wa mai taksi Larabcin littafi, shi ko ya amsa maka da na kasuwa, ba ka gane ko kalma ba. Sai abin da ya fi ruɗa yaranmu, wato masallaci. Mu nan da ruwayar Warshu munka tashi, da rubutun allo mai ɗigon fa'un a ƙasa da ɗigo guda bisa ƙaf. Can Hafsu ake karantawa, rubutun ma daban. Mu Malikawa ne, a Masar za ka tarar da Shafi'awa da yawa, a Turkiya Hanafawa. Za ka ga an ɗaga hannu inda ba ka saba ba, an yi sallama biyu, an yi alƙunutu da ƙarfi ko an bar shi. Ɗalibi iri biyu ke faɗuwa a nan. Na farko ya ce duk mutanen ga ba su iya salla ba. Na biyu, wanda ya fi yawa, ya ce ashe tsohona ne bai iya ba. Dukansu ba su karanta babin saɓanin malamai ba tukuna. Kuma tunda munka zo nan, bari in amsa tambayar da ake yawan yi mini: mai zuwa zango guda na karatu ba matafiyi ba ne a mazhabarmu. Da ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, ƙasaru ta faɗi, sai ka cika sallarka.

Komowa ta fi tafiya wuya, kuma wannan ba a cika faɗa muku ba. Yayyenmu da yawa sun dawo da lisans daga Azhar ko Madina ko Tarabulus, sunka tarar da gwamnati da Faransanci take aiki. Mutum ya ƙware a fiƙihu da nahawu, amma ba ya iya cika takardar neman aiki. Waɗansu sun shiga koyarwa a makarantun Faransanci da Larabci, waɗansu sun buɗe islamiyya, waɗansu sun koma kasuwa, waɗansu sun bi ƴan uwansu ci rani Abijan, don kun san mu mutanen Tawa ba a koya mana wagga hanya. A ganina ƙasa ta yi hasara a nan, ba su kaɗai ba. Amma su ma da laifinsu kaɗan: wanda ya yi shekara takwas a waje bai ware wata shida ya koyi harshen da ake mulkin ƙasarsa da shi ba, ya bar ƙofa a rufe da hannunsa. Batun daidaita diplom kuwa tsoho ne. A Yamai anka yanke shawarar kafa hukumar CAMES a 1968, aka kuma sa hannu kan yarjejeniyar amincewa da takardun juna a Lome a 1972. Don haka kafin ka biya ko dala, ka bincika ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta san makarantar da za ka. In musanya ce, ka karɓi takarda a rubuce daga sashenka cewa darussan da za ka yi can za a lissafa maka su nan. Alkawarin baki ba ya shiga dosiye.

Hanya kuma ba ta daina cin mutane ba don an samu jirgin sama. Yaƙin Libiya na 2011 ya tarwatsa ɗalibai da ƴan ci rani tare. Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, faɗa ya ɓarke a tsakiyar Hartum, dubban ɗaliban Afirka sunka maƙale a ɗakunan kwana ba ruwa ba wuta, waɗanda anka kwasa da motoci zuwa iyakar Masar kuma sunka kwashe kwanaki a fili suna jiran izinin shiga. Wanda ya fito da fasfonsa da takardun sakamakonsa ya samu abin da zai nuna wa wata jami'a. Wanda ya bar su sai labari. A wannan shekara dai, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, iyakar Ƙonni da Illelar Najeriya ta rufe watanni, ɗiyanmu da ke karatu a Sakkwato, tafiyar da ba ta kai yini ba, sunka koma bin hanyoyin daji da babur. Shi ya sa nake roƙon ƙungiyar ga ta buɗe rajista ta membobinta da ke waje: ƙasa, gari, makaranta, da lambar wani nasu a gida. Ba ta cin kuɗi, littafi guda ne da mutum guda mai kula.

Ba duka ne ta ɓangaren Larabci ba, kada a ce na manta. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, ya bi ta Ponty ya kai Faris ya ƙware a kimiyyar fiziks, ya yi zama a Tarayyar Sobiyet, ya komo ya sa ƙarfinsa kan binciken hasken rana, abin da muke da shi har ya yi mana yawa. Jami'ar Yamai, wadda ta fara a 1971, ta ɗauki sunansa a 1992. Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta Illela, a Saint-Étienne ta Faransa ya zama injiniyan ma'adinai kafin ya shiga siyasa.

Sai Farfesa Djibo Hamani. Shi ya kai Faransa karatun tarihi, amma abin da ya zaɓa ya bincika shi ne ƙasar da muke zaune kanta. Ya bi garuruwan Adar yana zama gaban tsofaffi, ya haɗa abin da sunka faɗa da rubuce-rubucen Larabci na Agadas da Sakkwato, ya fitar da littafinsa kan Adar kafin zuwan Nasara a Yamai a 1975, daga baya kuma wani babba kan sarautar Abzin. Da yawa cikin abin da muka sani yau game da Agabba da sarakunan Illela, ta hannunsa ya iso mu. Jami'ar da anka kafa a nan Tawa a 2010, wadda wasunku ke shiga kowace safiya, sunansa take ɗauke da shi. Ƙabarin Malam Jibrilu kuwa yana nan wajen Madawa, tafiyar ƴan awoyi daga inda muke zaune, kuma na ba kwamiti shawarar ziyarar ƙungiya ta baɗi ta nufi can, a biya ta Maratta a kan hanya.